Waƙar da Ka Biya, Wa Ke Riƙe da Mabuɗinta?

Yawancin waƙoƙin da ake saurare a Korgom a aljihu suke shigowa garin. Korgom ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi a Nijar, ba ta da nisa da iyakar Najeriya, kuma da zarar an kai gero da wake rumbu sai samari su kama hanyar ci-rani, wasu Katsina, wasu Kano ko Legas, wasu arewa ta Agadas. Idan damina ta matso suka juyo gida, cikin tsarabarsu har da memori cike da sababbin waƙoƙi. Kafin mako ya zagayo, waƙar da aka buga a wani situdiyo na titin Zoo Road a Kano ta shiga salular matan aure, ta shiga rediyon mai shayi, ta kai ƙauyukan gundumar Mayahi a bayan babur.

Cibiyar wannan harka ita ce rumfar mai caji. Farantin sola a kan rufi, batir a ƙarƙashin tebur, salula jere an liƙa wa kowace lamba don kada a yi musaya, sai wata tsohuwar kwamfuta da ta sha ƙura. Ranar kasuwa mutum zai zare memori daga bayan salularsa, ya miƙa, ya ce a zuba masa waƙoƙin Breaker da na Gwanja, a haɗa da wa'azi, sauran wurin kuma a sa Shata saboda tsoho. Mai rumfa ba ya tambayar sunan kundi ko shekarar da ya fito. Ya san abin da ake so, ya jawo jakar waƙoƙin gaba ɗaya ya tura, a ba shi 'yan dalolin sefa ko naira, a wuce. Waƙar da ta shiga memorin nan ta zama ta mai shi. Zai sa ta a rediyo mai cin memori, ya tura wa ƙanwarsa ta Bluetooth ko Xender, in salular ta faɗa rijiya ma, muddin memorin ya tsira to waƙa tana nan.

A 'yan shekarun nan ne wata irin waƙa ta daban ta fara bayyana a rumfunan. Saurayi ya je Maraɗi ko Kano inda intanet ke da ƙarfi, ya sayi data, ya biya kuɗin wata ɗaya a manhajar sauraren waƙoƙi, ya sauke waƙoƙi masu yawa. Ya dawo gida yana ganin su jere a allon waya. Ya zo tura wa abokinsa, babu hanya. Ya nemi fayil ɗin ya sa a rediyon mahaifinsa, ko dai bai gan shi ba, ko ya gan shi amma rediyon ya ƙi karantawa. Bayan 'yan makonni waƙoƙin suka yi shiru a wayarsa shi kansa. Sai ya nufi rumfa da buƙata ɗaya: a cire masa kullen. A ganinsa ya biya kuɗinsa, kuma bai yi ƙarya ba.

Yadda kullen yake aiki

Waƙar MP3 buɗaɗɗen fayil ce, duk na'urar da ta san karatunsa za ta rera shi. Kullen da masana ke taƙaita sunansa da DRM kuwa hargitsa bayanan fayil ɗin yake yi da lissafi, ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗi, mabuɗin kuma yana hannun kamfani. Manhajar da ke cikin wayarka takan tuntuɓi kwamfutocin kamfanin lokaci-lokaci ta tabbatar har yanzu kana biya, kuma a kan na'urar da aka amince kake saurare. Spotify, wadda ta shigo Nijar da Najeriya a watan Fabrairun 2021, tana buƙatar wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba waƙoƙin da aka sauke su rufe. Boomplay, wadda aka kafa a 2015 kuma take zuwa a shirye cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu, da Audiomack, da YouTube, duk suna da saukewa irin ta cikin gida, wato waƙar tana zaune a cikin manhajar, ba ta fita.

Wanda ya tsara wannan abu ya ɗauka kowa yana da intanet kullum, da lantarki, da katin banki, da waya ɗaya tasa shi kaɗai. A Korgom da Mayahi waya ɗaya sai ta yi wa gida guda aiki, ana sayar da ita idan rani ya tsananta a sake sayen wata bayan girbi, layi kuwa yau na Airtel ne gobe na Moov ko Zamani, gwargwadon wanda ke kamawa a unguwar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, mutane sun ga yadda abin da ya dogara da waje yake tsayawa cak cikin dare ɗaya. Waƙar da ke cikin memori ba ta san an yi takunkumi ba.

Akwai kuma wata tsohuwar waƙa kullalliya da muka daɗe muna biya ba mu lura ba, ita ce wadda mai kiranka yake ji kafin ka ɗauka. Kamfanin waya yana cirar kuɗinta daga katinka wata-wata, kai ba ka jin ta, ba ka iya ajiye ta, ranar da ka daina biya kuma ta tafi.

Turawa sun riga mu shan wannan wahala

Wannan rigima ta girmi wayar Android. A 1999 aka ƙirƙiro Napster a Amurka, matasa suka shiga musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, manyan kamfanonin waƙa suka kai ƙara har aka rufe shi a 2001. Da Apple ya buɗe shagon iTunes ranar 28 ga Afrilun 2003, yana sayar da kowace waƙa a kan senti 99, sharaɗin kamfanonin shi ne a sa kulle. Sunan kullen FairPlay. Waƙar da ka saya ba ta aiki sai a kwamfutoci uku da aka yi wa rajista, daga baya aka mayar biyar, kuma cikin na'urorin aljihu iPod kaɗai ke karanta ta.

Ba a daɗe ba aka fara ɓalle shi. Wani matashi ɗan ƙasar Norway, Jon Lech Johansen, wanda tun yana ɗan shekara 15 a 1999 ya shiga cikin waɗanda suka karya kullen faifan DVD, aka gurfanar da shi kotu ta wanke shi har sau biyu a 2003, ya fitar da wata manhaja a ƙarshen wannan shekarar da ke zaƙulo waƙa daga cikin FairPlay. Wasu suka biyo da tasu, irin su Hymn. Apple ya toshe nan, su ɓullo can. Wanda bai iya kwamfuta ba ma yana da hanya, domin iTunes da kansa ya yarda ka buga waƙarka a faifan CD, faifan kuma ba shi da kulle. Gaskiyar da ba ta canzawa ita ce, duk sautin da kunne zai ji, makirufo ma zai ji. Shi ya sa kulle bai taɓa hana ɓarawon zaune ba. Mutum ɗaya ya isa ya buɗe waƙa, daga nan ta bazu a buɗe, sai a bar mai gaskiya da ya biya kuɗinsa yana fama da tasa kullalliya.

Abin ya kai intaha a 2005, lokacin da wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya gano cewa wasu faifan CD na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar mai saye ba da saninsa ba, manhajar kuma tana buɗe wa masu kutse ƙofa. Aka yi ta ƙararraki, kamfanin ya janye miliyoyin faifai daga kasuwa. A 2008 kuma Microsoft ya sanar cewa zai daina ba da mabuɗan waƙoƙin da aka saya a shagonsa na MSN Music, Yahoo ma ya yi irin wannan sanarwa. Ma'ana, duk wanda ya canza kwamfuta ya yi asarar waƙoƙin da ya biya. Sai da jama'a suka yi ca kafin Microsoft ya ɗage zuwa 2011, Yahoo kuma ya yi alkawarin biyan diyya.

Ranar 6 ga Fabrairun 2007 Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya fitar da wata buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kiran kamfanonin waƙa su haƙura da kulle. Hujjarsa ta lissafi ce: a 2006 waƙoƙin da aka sayar a kulle ta intanet ba su kai biliyan 2 ba, alhali kamfanonin sun sayar da sama da biliyan 20 a faifan CD a buɗe. Wata biyu bayan haka EMI, kamfanin da tsofaffinmu suka sani da faifan garmaho na mawaƙan Hausa, ya zama na farko cikin manya da ya yarda. Amazon ya buɗe shagon MP3 marar kulle a watan Satumban 2007, a Janairun 2009 kuma Apple ya sanar da cire kulle daga duk waƙoƙin da yake sayarwa. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne, wanda ya riga ya sayi kullalliya sai da ya ƙara senti 30 a kan kowace waƙa kafin a ba shi buɗaɗɗiya.

To ta yaya kulle ya dawo? Ta ƙofar haya. Kamfanoni da yawa sun daina cewa ka sayi waƙa, suka koma cewa ka biya wata ɗaya ka saurari duk abin da kake so. Wannan ciniki ne halastacce, kuma wanda ya yi haya ba shi da ikon riƙe kaya bayan wa'adi. Matsalar ita ce ba a faɗa wa ɗan Korgom da harshen da yake ji cewa haya ya yi. Sharuɗɗan suna rubuce da Turanci ko Faransanci, shafi bayan shafi, shi kuwa kalmar saukewa ya gani ya latsa, kuma a saninsa abin da ka sauke ya sauka. Kamar ka sayi rago ne a kasuwa, ka biya har da la'ada, sannan a ce igiyar za ta ci gaba da zama a hannun dillali. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta ga wannan ruɗani, ta yi doka a 2024 da ta hana masu sayar da kayan intanet amfani da kalmar saye matuƙar ba su bayyana wa mutum ƙarara cewa izinin amfani kawai aka ba shi ba.

Abin da doka ta ce

A 1996 ƙasashen duniya suka cimma yarjejeniya ƙarƙashin WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, a Janeba, wadda ta nemi a kare irin wannan kulle da doka. Amurka ta yi tata a 1998, ta haramta karya kullen ko da a kan abin da ka saya ne, sai 'yan togaciya da ake sake dubawa duk bayan shekara uku. Najeriya ta bi sahu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Nijar mamba ce a ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin fasaha a Afirka, kuma yarjejeniyar Bangui da ta kafa ƙungiyar, bayan gyaran da aka yi mata, ta ƙunshi hani a kan kayan da ake ƙerawa don karya kulle. A cikin gida akwai dokar 23 ga Disamban 2010 kan haƙƙin mawallafa, akwai kuma hukumar BNDA a Yamai da ke tattara wa mawaƙa da marubuta haƙƙinsu.

Ta fuskar addini ma ba a bar maganar ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Ya kamata malamanmu su ɗauki ɗaya ɓangaren su ma su yi mana bayani: mene ne hukuncin cinikin da aka kira saye, aka karɓi kuɗi, amma mai sayarwa ya riƙe ikon ƙwace kayan duk ranar da ya ga dama?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ya sayi waƙa saye na gaskiya, ya buɗe ta don ya saurara a rediyonsa ko ya ajiye kwafi saboda ɓacin rana, bai zalunci kowa ba, kuma dokar da ta mai da shi mai laifi tana buƙatar gyara. Wanda ya buɗe ta ya zuba wa mutum ɗari ya karɓi kuɗi, ko sisi bai kai wa mai waƙar ba, wannan gumin wani yake ci, ko da kulle ko babu.

Kukan mawaƙi gaskiya ne

Kada tausayin mai saye ya sa mu manta da wanda ya yi waƙar. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta yi zamani tana raba kaset da faifai har Maraɗi da Damagaram da Agadas. Akwai satar fasaha a lokacin, masanin nan Brian Larkin ya yi nazarinta a littafinsa na 2008, amma duk da haka akwai dillalan da ke sayen aiki daga hannun mai shi su biya. Da memori da wayar Android suka yawaita, sai kasuwar faifai ta durƙushe, 'yan dawunlodin suka maye gurbinta. Mawaƙi ya biya kuɗin situdiyo, ya biya mai kiɗa da 'yan amshi, ranar da waƙa ta fita kwafi ɗaya ya ishi gari guda. Masu shirya fim suka gudu YouTube da tashar Arewa24, wasu suka gwada manhajoji masu kulle irin su Northflix. Fati Nijar, wadda a Maraɗi aka haife ta, muryarta tana cikin dubban memori daga Tasawa zuwa Mayahi, amma babu wata hanya da aka shimfiɗa da dalar da aka biya a rumfar mai caji za ta bi ta isa hannunta.

Sai dai mawaƙin Hausa bai taɓa dogara da sayar da kwafi kaɗai ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, da Sa'adu Bori na Maraɗi, abincinsu yana wurin biki da fada da dandali, wurin masu kari da masu kyautar riga da mota. Kaset kuwa shi ke kai sunansu inda ƙafarsu ba ta taka ba. Har yau Rarara da Ado Gwanja da Ali Jita sun fi samu daga siyasa da biki da wasan sallah fiye da abin da manhaja ke biya. Kuma in da a ce waƙoƙin Shata a kulle aka ɗauke su, mabuɗin yana hannun wani kamfani da ya daɗe da rufe ofishinsa, da yau jikokinmu ba su san muryarsa ba. Abin da ya tsirar da su shi ne kaset da ake ta kwafa daga hannu zuwa hannu, har wani ya mai da shi MP3. Haka karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, yake ci gaba da zagawa ƙauyuka.

Misali mafi kusa da mu ɗan ƙasa ne. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga jihar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da irin kiɗan kwamfuta na finafinan Hausa. Ba a fitar da kundin a kasuwa yadda aka saba ba, ta Bluetooth da memori ya bazu har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji wata waƙarsa a wayoyin mutane, ya sa ta cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, bayan ya bi sawun mawaƙan da ya iya samu ya raba riba da su. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandalin Turai da Amurka, kamfanin Matador ne ya fitar da kundinsa na 2021. Ba kowane mawaƙi ne zai yi irin wannan dace ba, kuma ba zan ce a bar kowa ya zauna jiran Bature ya tsinci waƙarsa ba. Amma waƙar da aka kulle ba za ta taɓa yin wannan tafiya ba.

Inda kuɗin zai fito

Akwai hanyar da aka daɗe da gwadawa. Jamus tun 1965, Faransa tun 1985, sun yarda cewa mutane za su kwafi waƙa don amfanin kansu ko an so ko an ƙi, sai suka ɗora ɗan haraji a kan na'urorin kwafi da kaset da faifai, daga baya har wayoyi, ana raba kuɗin ga masu fasaha. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta yi shekaru tana karɓar irin wannan kuɗi ta hannun kwastan da hukumarta ta haƙƙin mawallafa, BBDA. Najeriya ta fitar da umarnin yin haka a 2012, ya shafe shekaru a takarda. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda Nijar ke ciki, ta amince da ƙa'idar bai-ɗaya kan wannan a 2023. Kowane memori da ke Korgom ta wata iyaka ya shigo ƙasar, kuma karɓar 'yan daloli a bakin iyaka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan bin rumfa-rumfa ana kama yara masu neman abinci. Sharaɗin kawai shi ne rabon ya zama a fili, mawaƙin ƙauye da mai kalangu da mai gurmi su ga nasu, kada ya tsaya a hannun 'yan birni da suka san ƙofar ofis.

Su kuma masu turin waƙa, maimakon a ɗauke su abokan gaba, su ne dillalan da suka fi kowa sanin abin da jama'a ke so. A yi musu rajista, su riƙa biyan wani abu sananne a wata ko a shekara, a ba su sababbin waƙoƙi masu kyan sauti kai tsaye daga hannun masu su. Hanyar aika kuɗi ba ta gagara ba, ga Nita da Amana da Airtel Money a kusan kowane babban gari.

Kira na ga BNDA shi ne ta fito da wannan tsari daga Yamai ta kawo shi Tasawa da Mayahi, ta yi bayaninsa da Hausa a gidajen rediyon karkara. Mawaƙanmu na Kano da Maraɗi kuma, duk wanda zai fitar da sabon kundi, ya tanadi hanyar da mai son sa zai biya shi kai tsaye ya karɓi waƙar a buɗe, wadda za ta yi aiki a rediyon tsoho da salular uwar gida. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura kuɗinka a kowace manhaja, ka tambaya tukuna: saye ne ko haya? In haya ce, ka san wa'adinta. In saye ne, kada ka yarda sai an ba ka fayil ɗin da za ka iya sawa a memorinka.